Filogi Takwas a Cikin Fijon Baba

Ku ɗan rage murya, maganar nan kada ta wuce tabarmar nan. Mutuminmu na Kusada ya sayar da bijimai biyu, kuma ba gona zai saya ba. Fijo 504 ta marigayi mahaifinsa, wadda kaji suka mayar akurki a gindin darbejiya, ita yake son tayarwa. Wannan abin a yaba ne. Inda gizo ke saƙar, cewa ya yi zai cire injinta ya dasa na Land Cruiser, mai filogi takwas. Uwargida dai an ce mata taki za a sayo, don haka duk wanda ya yi suɓul-da-baka a gidan biki, shi ya sani.

A waya ya ga abin. Wata ƴar ƙaramar mota ce mara rufi, Cobra, tana kuka kamar za ta tsaga ƙasa, shi ke nan barci ya ƙaurace masa. Labarin motar kuwa gaskiya ne, kuma yana da daɗi. Carroll Shelby mutumin Texas ne. Ya taɓa kiwon kaji suka mutu, Alhaji, kamar yadda naka suka yi bara. Ya koma tseren mota, ya ci gasar Le Mans ta Faransa a 1959, sai ciwon zuciya ya sauke shi daga sitiyari. A lokacin akwai wani kamfani a Ingila, AC, mai ƙera mota marar nauyi, Ace, da injin Bristol mai lita 2. Da aka daina samun injin, Shelby ya rubuta musu wasiƙa a 1961: ku ba ni gangar jiki, ni zan kawo inji. Ford ta ba shi V8 mai lita 4.3, motar farko ta fito a 1962, daga baya aka ƙara zuwa lita 4.7. A 2016 an yi gwanjon waccan ta farkon a kan dala miliyan 13.75.

Mutuminmu ya haddace wannan tas. Abin da bai tsaya ya saurara ba shi ne abin da ya faru da suka yi kwaɗayin babban inji, 427, mai lita 7. Sun fara cusa ƙaton inji a tsohon shasi, Ken Miles ya shiga tseren Sebring da ita a 1964, motar ta ƙi jin magana, har ta kai shi ga bishiya wajen gwaji. Dole aka koma aka sake ƙira. Bututun shasi daga inci 3 ya koma inci 4, aka jefar da sifirin mai falle-falle aka sa mai naɗi, aka faɗaɗa jiki don manyan tayoyi, aka buɗe baki don lagireto ya sha iska. Cobra 427 ta 1965 kusan sabuwar mota ce aka gina wa injin. Kamfanin Ford da injiniyoyinsa ne fa a bayan aikin, ba mai walda ɗaya da janareto ba.

To Oga, kai ne bakanike a nan, in na yi kuskure ka tare ni. Injin Fijon nan filogi huɗu ne, lita 2 ba ta ma cika ba. Na Land Cruiser lita 4.7 ne, tukunyarsa baƙin ƙarfe. Samunsa ba wuya: ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano da kuɗinka, kafin la'asar an ɗora maka ɗan Beljiyam a a-kori-kura. Daga nan ake fara kuka. Giyabos ɗin Fijo ba zai ɗauki ƙarfinsa ba, sai an zo da nasa, shi kuma ba zai shiga ba sai an yanka ƙasan motar. Furofelar 504 salun a cikin bututu take tafiya har aksul, ba irin wadda za ka yanke ka ƙara ba ce da rana tsaka. Ga birenbos da tulin wayoyi, alhali motar Baba kafireto ta sani. Ga lagireto: injin da ke dafa kansa a zafin Afrilu, ina za ka sa masa isasshen ruwa a wannan ɗan hancin? Nauyi kuma duk ya taru a gaba, ka murɗa sitiyari a kwana ita ta ce miƙewa za ta yi.

Ni birki ne ma ya fi tsaya mini a rai. Ku ɗauka ya fito daga Gidan Mutum Ɗaya ya nufo Kankiya, titi ya miƙe, ƙafa ta yi nauyi, sai ga amalanken shanu ya hawo kwalta. Birkin da aka auna wa filogi huɗu shi zai tsayar da takwas? Jaki ne aka ɗora wa kayan raƙumi. Maganar fetur kuwa, tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, ko mai Golf sai ya yi lissafi kafin ya je Caranci cin kasuwa. Sannan lambar inji ta canja, takardu ba su canja ba, ga ƴan bi'ai'o a hanya.

Na ji ka, Malam, canjin inji ba baƙon abu ba ne a garejinmu. Tsofaffin a-kori-kura nawa ke yawo da injin Toyota ko Nissan? Amma lura, masu yin haka sauƙin mai da sauƙin kayan gyara suke nema, kuma inji suke zaɓa daidai girman wanda suka cire. Hankali ne wannan. Su kansu masu ƙera Fijo da suka so ƙarfi, V6 mai lita 2.7 suka sa wa 504 mai ƙofa biyu a 1974, suka gyara sauran jikin ya dace da shi, kuma da irinta Jean-Pierre Nicolas ya ci tseren Safari na Kenya a 1978. Ba su kai takwas ba.

Abin da ke ba ni haushi, motar da yake son yankawa haɗin Kaduna ce, daga masana'antar da aka buɗe a Kakuri a 1975. An daina yin ta. Kullum sai an ga ana farfasa irinta ana aunawa a sikelin ƴan gwangwan, kuma lafiyayyun da suka rage ƙidayuwa suke. Cikinta aka kai mahaifiyarsa ganin gida, cikinta aka kai shi makarantar kwana. A yi mata ring da fistin, a sake kuloci, a ba fanal-bita ya buge ta, a mayar da farin fentinta, kuɗin bijimi ɗaya ya isa har da canji.

Sai dai kun san halinsa, in aka taru a kansa sai ya ƙara kafewa. Oga, kai yake jin maganarka. Kada ka ce masa ba zai yiwu ba. Ka ɗauki takarda ka rubuta masa kuɗin kowane abu, giyabos, aksul, birki, lagireto, waya, walda, ka bar injin a layin ƙarshe. Ranar Asabar ya ce zai shiga Kano, ni zan ce ina da saƙo a Kantin Kwari in bi shi. Alhaji, kai kuma ka kira wanda ya sayi shanun ka ji ko zai yarda ya mayar da ɗaya.