Salvador: Zinariya a Coci, Ƙosai a Bakin Titi

Birnin Salvador na jihar Bahiya a Brazil hawa biyu ne: garin sama a kan tudu, garin ƙasa a bakin teku. Abin da ya haɗa su wata na'urar ɗaga mutane ce mai suna Elevador Lacerda, wadda aka buɗe a 1873. Kafin ka gama kallon waɗanda kuka shiga tare, ta ɗaga ku mita 72. Fuskokin nan kuwa, da a Kasuwar Kurmi na gan su, ko waiwaye ba zan yi ba.

Turawan Fotugal ne suka kafa garin a 1549, kuma shi ne fadar mulkinsu a Brazil har 1763. Inda arzikin rake da gumin bayi suka tafi, a cocin São Francisco na gani. Bango, ginshiƙai, rufi, ko'ina katako ne sassaƙaƙƙe an dalaye shi da zinariya, har ido ya rasa inda zai sauka.

Amma cocin da ya fi taɓa zuciyata shi ne shuɗin nan na Rosário dos Pretos, a gangaren Pelourinho, unguwar da a da ake yi wa bayi bulala a bainar jama'a. Bayi da 'yantattu suka fara gina shi a 1704, da kuɗin da suka tara da ɗan lokacin da aikin iyayengiji ya rage musu, ginin ya ci kusan shekara ɗari. Har yau da ganguna ake ibada a ciki ranar Talata. A waje kuma mata cikin fararen kaya suna suyar acarajé. Ƙosai ne, da manja.

Na fita har Itapuã, unguwar bayan gari inda yanzu ake zuwa shan iskar teku. A nan ne, cikin Fabrairun 1814, bayi masunta, galibinsu Hausawa, suka yi bore suka cinna wa wuraren aikin wuta. Sai kuma babban boren da aka yi a cikin birnin, daren 24 ga Janairun 1835, cikin azumin Ramadan. Masu boren Musulmi ne, yawancinsu Yarbawa, da Hausawa a cikinsu. Suka fito da fararen riguna da layu a wuya, suka ratsa garin sama, dakarun doki suka tare su a Água de Meninos. Takardun Larabci da aka samu a jikinsu da gidajensu su aka kai kotu a matsayin shaida.

Abin ya yi min ciwo. Mutanen da aka raba da kowa nasu, amma suka riƙe alƙalami da salla a bayan teku! Huɗu daga cikinsu an harbe su ranar 14 ga Mayun 1835 a filin Campo da Pólvora. Yau akwai babbar kotu da tashar jirgin ƙasa a wurin.