Mako Guda Ina Neman Sandar Rami

Litinin

Yau na hau sabon mataki a WGT, wasan golf da nake bugawa a waya, sai shagon cikin wasan ya buɗe min wasu sanduna da a da suke kulle. Idona bai tsaya kan komai ba sai sandunan rami, waɗanda ake tura ƙwallo da su bayan ta hau lallausar ciyawar da ramin yake. Doka ta yarda ɗan golf ya ɗauki sanda 14, amma a filin da ake sa ran gama ramuka 18 da bugu 72, an ware turi biyu ga kowane rami. Bugu 36 ke nan, rabi cif, dukansu da sanda ɗaya.

Kuɗin cikin wasan guda 100 dala ɗaya ne. Mai karɓar albashi da naira ba ya irin wannan ciniki da gaggawa.

Talata

Bayan isha'i muna zaune a dakali nan Gyadi-Gyadi, wajen Court Road, ni da ɗan yayata, kowa da wayarsa. Shi Golf Clash yake bugawa, kuma a can sandar rami ɗaya ce ga kowa, ba a canza ta. Ya leƙo allona ya ce, "Kawu, ai sanda sanda ce. Ka sayi mai tsadar kawai ka huta."

Na ce masa ya matso. A WGT kowace sanda tana da ma'auninta na nisa, kuma nan bambancin yake. Wata ƙaramin ma'auninta ƙafa 30 ne, wata 15, wata 10. Na yaga takarda na yi masa lissafi. Ƙwallo tana ƙafa 6 daga rami. Da ma'aunin 30, kashi 20 cikin 100 kacal za ka ja, ɗan tsito. Da na 15 kashi 40, da na 10 kashi 60. To yatsa ya zame da kashi 2: a ma'aunin 30 ka kauce da fiye da rabin ƙafa, a na 10 kuwa bai kai inci uku ba. Ga ramin, faɗinsa inci huɗu da kwata ne. Sai ka ƙara da gangara, domin wasan yana nuna maka inci nawa ramin ya fi ƙwallo tudu ko kwari, kuma 'yan wasa kan ƙara kamar ƙafa ɗaya ga kowane incin hawa.

Ya yi shiru yana kallon takardar, sannan ya ninke ta ya sa a aljihu. Na ji daɗin hakan ƙwarai.

Laraba

Babu wuta tun safe, cajin waya ya yi ƙasa, ban buga ba. Na dai yi ta tunanin siffar kawunan sandunan. Siririn kai irin na Ping Anser, wadda Karsten Solheim ya ƙera a 1966, hikimarsa ita ce an kai nauyi gefe da gefe don kada kan ya murɗe idan ƙwallo ba ta bugi tsakiya ba. Masu faffaɗan kai irin Spider ta TaylorMade, wadda ta fito a 2008, sun ƙara faɗaɗa wannan dabarar. A hannun mutum wannan babban al'amari ne. A cikin waya kuwa hoto ne. Lambobin da aka rubuta a ƙarƙashinsa su ke aiki.

Alhamis

Na je kasuwar waya ta Farm Centre a Tarauni na canza gilashin allo, tsohon ya tsage daidai inda babban yatsa yake sauka. Hunturu ya busar da hannu, sai ka taɓa allo ya ƙi ji sai ka hura wa yatsan iska. Ina jira na buga rami biyu, mai gyaran yana kallo ta gefen ido. A turi na biyu alamar da ke gudu a kan ma'auni ta ɗan tsaya, ta yi tsalle, ta wuce layin da ake so a danna.

"Yallaɓai, wayarka ta cika," in ji shi. "Ka rufe sauran manhajojin kafin ka fara. Kuma in netwok yana rawa, haƙuri za ka yi."

A hanyar dawowa, a cikin adaidaita ana cunkoso wajen Dangi, abin ya zauna min. Masu yaba sanda mai saurin ma'auni yawancinsu a kwamfuta suke bugawa, da intanet da ba ya yankewa. Ni da wayata da yanayin unguwarmu, sanda mai tafiya a hankali, mai yafe ɗan kuskuren dannawa, ta fi min amfani nesa ba kusa ba.

Juma'a

Bayan an sauko daga masallaci na biya gaida wani dattijo a Tarauni, abokin mahaifina, wanda da ƙuruciya ya ɗauki jakar sanduna a filin golf na Kano. Na nuna masa wasan. Ya gyara tabarau ya daɗe yana kallon ciyawar filin Oakmont da ke cikin wasan, kore shar.

Ya ce a zamaninsu, a filayen nan na Arewa, ba ciyawa ke kewaye da rami ba. Yashi ne ake kwaɓawa da baƙin mai a daddaɓe, kuma kafin mutum ya tura ƙwallo sai an ja buhu an share masa hanya. A kan yashi ƙwallo ba ta gudu da kanta, sai ka ba ta ƙarfi ta tafi kai tsaye. Na ce, "Baba, wannan filin akasin haka ne." Santsin Oakmont a gasar US Open ta 1935 shi ya sa Edward Stimpson ya ƙirƙiro abin awon da har yau ake auna santsin ciyawa da irinsa. A WGT ma, kana ƙara matsayi ana ƙara maka santsi, turin da jiya ya tsaya a bakin rami yau sai ya wuce da ƙafa uku.

Na tambaye shi wace sanda ƙwararrun lokacin suka fi so. Ya ce, "Ɗana, ban riƙe sunayen ba. Amma waɗanda suka fi iyawa, shekara da shekaru sanda ɗaya suke riƙe da ita, har fatar mariƙin ta sille."

Asabar

Saura biyu a raina: mai farawa daga ƙafa 10 da mai farawa daga 15. Wani abokin aikina yana da ta farkon, ya ba ni wayarsa na gwada a tsohon filin St Andrews, inda bakwai daga wuraren turi kowanne ramuka biyu yake ɗauke da su, har ƙwallo takan faɗi ƙafa 80 daga rami. A gajeren turi ta yi daɗi, lissafinta kamar ƙirga canji. Amma alamarta tana da sauri, kuma a nesa nakan tsaya ina laluben ma'aunin da ya dace. Ta 15 ɗin lambobinta sun nuna ta fi sanyin gudu, ta fi yafiya, kuma ta fi araha.

Lahadi

Da safe na sayi ta 15. Na rubuta sabon jadawalin lissafi a bayan kati na manna a murfin waya, daga ƙafa 3 zuwa 30. Da yamma wasan ya haɗa ni da wani mai tutar Afirka ta Kudu, muka buga ramuka tara. Ya cinye ni da bugu ɗaya, amma babu ramin da na tura sau uku. Abin da ya rage shi ne turin gangara, har yanzu ƙwallon tana wuce min, don haka mako mai zuwa a Oakmont zan zauna.