Rakiyar Hajiya Zuwa Legas Neman Bizar Amurka

Dokar Amurka ta ba ɗan ƙasa da ya cika shekara 21 damar ɗauko mahaifiyarsa ko mahaifinsa su zauna tare da shi. Da wannan babban yayanmu, wanda ke aikin jinya a jihar Ohayo, ya dogara a 2019. Ya cike fom ɗin I-130, ya biya dala 535, ya bugo waya yana cewa kafin shekara ta zagayo Hajiya, mahaifiyarmu, za ta je ta ga jikokinta. Ni da nake Kano aka ɗora wa haɗa takardu. Iyaye suna da sauƙi a wannan tsari, don ba a ƙayyade yawan waɗanda za a ba biza a shekara ba. Mai neman ɗauko ƙaninsa ko ƙanwarsa kuwa, sai ya shirya jiran fiye da shekara 10. Cacar biza ma tun zagayen 2015 aka cire Najeriya daga cikinta, saboda 'yan ƙasar da suka ƙaura can cikin shekara 5 sun haura 50,000.

Lissafin Yaya bai ci ba. A ƙarshen Janairun 2020 Shugaba Trump ya sanya Najeriya cikin ƙasashen da aka dakatar wa bizar zama, sai ga korona ta rufe ofisoshi a watan Maris. Shugaba Biden ya soke dakatarwar ranar da ya hau mulki, 20 ga Janairun 2021, amma kafin nan layi ya riga ya yi tsawo.

Jiran bai tafi a banza ba, don aikin takardun ya ci lokaci fiye da yadda muka zata. Bayan an amince da buƙatar Yaya, fayil ɗin ya koma cibiyar biza ta ƙasa da ke Portsmouth, ita ce ke tara komai ta intanet kafin ta tura wa ofishin jakadanci. Aka biya dala 325 na fom ɗin DS-260, da dala 120 na takardar ɗaukar nauyi, inda Yaya ya rantse cewa abin da yake samu ya zarce ma'aunin talaucin ƙasar da aƙalla kashi 25 cikin 100, ya haɗa da shaidar biyan haraji. Nasa ɓangaren bai yi wuya ba, mutum ne da komai nasa ke rubuce. Wahalar tana wajen Hajiya.

Ranar haihuwarta ba ta kan kowace takarda. Abin da ta sani shi ne an haife ta shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kano, wato 1956, kuma da sanyi. Mutanen zamaninta haka suke riƙe shekarunsu: shekarar fari, shekarar da aka canza kuɗi, shekarar da aka kashe Sardauna. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa a hannun Hukumar Ƙidaya ta 1992 ce, don haka wanda ya girmi dokar sai a rantse a kotu a kan shekarunsa, sannan hukumar ta ba shi takardar tabbatarwa. Kawunta ne ya yi rantsuwar, tsoho mai sanda, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ci tuwon sunanta. Sannan ga rikicin rubutun suna. A fasfonta na aikin Hajji sunan mahaifinta ne a ƙarshe, a katin ɗan ƙasa sunan mijinta, a takardar makarantar Yaya kuma laƙabin da dangin miji suka sa mata. A gida duk ita ce, ba wanda ya taɓa ruɗewa. Fom kuwa bai san da wannan ba, kowane bambanci sai an yi masa bayani da rantsuwa.

Da saƙon ranar ganawa ya iso a 2022, muka kama hanya. A Najeriya ƙaramin ofishin jakadanci na Legas ne kaɗai ke ba da bizar zama, ko da a Abuja kake. Jirgi daga filin Malam Aminu Kano bai kai awa biyu ba. Muka sauka wajen 'yan'uwa a Agege, inda Hajiya ta saki jiki da ta ji ana ciniki da Hausa a bakin layi.

Kafin ganawa sai an yi gwajin lafiya, kuma ba a kowane asibiti ba, sai wanda ofishin ya amince da shi. Aka ɗauki hoton ƙirjinta don tarin fuka, aka ɗebi jini, aka duba rigakafi har da na korona, wanda a lokacin dole ne, don an wajabta shi a Oktoban 2021. Allurai ta sha a kafaɗa biyu, ta ce ko amarya ba a yi mata wannan shiri. Wannan gwaji yana da wa'adi, yawanci wata 6, kuma da shi ake auna tsawon ran bizar. Mai gaggawar yin sa da wuri kansa yake cuta.

Daren ganawa muka koma Obalende, don ba mai hankalin da zai dogara da gadar Third Mainland da safe. Ofishin yana Victoria Island, kan titin Walter Carrington, sunan jakadan Amurka na zamanin Abacha. Tun kafin gari ya waye mutane sun yi layi, kowa rungume da fayil. Ba a shiga da waya, don haka wasu suka mai da ajiyar waya sana'a a bakin titi. Akwai kuma masu raɗa maka cewa sun san amsoshin da ake so. Ban ga amfaninsu ba, tambayoyin duk a kan rayuwarka ne, wa ya fi ka saninta?

An bar ni na shiga a matsayin tafinta. Taga ta farko aka karɓi takardu na asali, ta biyu aka ɗauki hoton yatsu, sai zama. Da aka kira mu, jami'in da ke bayan gilashi ya sa Hajiya ta ɗaga hannu ta rantse za ta faɗi gaskiya. Ya tambayi garin da ɗanta yake, ta faɗa. Aikinsa, ta faɗa. 'Ya'yansa nawa, ta lissafo su har da wanda ke fitar da haƙori. Sai ya ce, mene ne sunan ɗan nata?

Hajiya ta yi shiru. Yaya ɗan fari ne, kuma tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take cewa, ko "na Amurka". Ta juyo ta ce, "Kai faɗa masa mana."

"Hajiya, daga bakinki yake so ya ji," na ce.

"Yanzu fisabilillahi ba ga shi nan a rubuce gabansa ba?"

Gabana ya faɗi. A wurinsa, uwar da ba ta iya kawo sunan ɗanta ba abin tuhuma ce, kuma irin wannan shakku ne ke sa a miƙa wa mutum takardar 221(g), a ce ya kawo ƙarin shaida, wani lokaci har da gwajin jini na tabbatar da dangantaka, a ƙara watanni. Na yi masa bayanin alkunya a taƙaice. Ya saurara, ya ce ya fahimta, amma dai yana so ta faɗa. Ta gyara mayafi, ta kawar da kai gefe, ta furta sunan sau ɗaya. Ya yi 'yan rubuce-rubuce a kwamfuta, ya riƙe fasfon, ya ce an amince. Ganawar da aka shekara uku ana jira ba ta kai tsawon sallar Azahar ba.

A mota ta gargaɗe ni kada in kuskura in gaya wa Yaya abin da ya faru. Shi kuwa tun kafin mu iso Obalende ya fara lissafin dala 220 da ake biya a lokacin kafin a buga katin zama, wanda sai ta shiga ƙasar ake aiko shi ta gidan waya. Da na bayyana mata cewa mai wannan kati ba a son ya shekara a wajen Amurka, in ba haka ba yana iya rasa shi, sai ta ce wannan matsalar Yaya ce. Ita dai a saya mata tikitin zuwa da dawowa, don akwai bikin jikarta a Fagge bayan Babbar Sallah.