Maigidan kafintoci da iskar gabas

In ana gina aji ko mangaza a ƙauye, magina ake fara gani. Sai bango ya kai iyaka sannan kafintoci su zo, mutum biyar ko shida, da zarto da guduma da tsani. A cikinsu akwai wani dattijo wanda bai cika riƙe guduma ba. Metir na aljihunsa, fensir na bayan kunnensa, ɗan littafi na hannunsa. Shi ne shugaban kafintoci. Yaransa na ce masa maigida. Masu kallo kuwa wasu su ce wannan kuɗin tsayuwa yake ci.

Ba su san aikin ba ne.

Ranar da aka sauke katako, shi ke ƙidaya shi. Katakon nan ba a dajinmu ya fito ba. Daga ƙasashen kudu ake kawo shi, kamar Gana da Kodibuwa da kudancin Najeriya, shi ya sa yake da tsada. Akwai fari, wanda ake kira samba. Ba shi da nauyi, yana da daɗin yanka, amma gara na son shi. Akwai ja, mai ƙarfi, mai kuɗi. Maigida yakan ɗaga kowane ɗaya, ya rufe ido guda, ya duba shi daga kai har ƙarshe. Wanda ya karkace ya aje shi gefe, a yanka guntaye da shi. Sauran a shafe su da maganin gara, ko da baƙin man mota in babu magani. Iyayenmu da suka yi rufi da azarar giginya, irin ta wajen Gaya, ba su sha wannan wahala ba, don gara ba ta cika cin ta ba.

Kafin a yanka komi sai ya auna ginin. Ba ya yarda da ido. Yana da dabarar gane kusurwa: ya auna metir 3 a bango ɗaya, metir 4 a ɗayan, sannan ya ja igiya tsakaninsu. In ta ba da metir 5 cif, kusurwa ta yi daidai. In ba ta ba da ba, magini ya kauce. Yana kuma da dogon tiyo mai ruwa a ciki. Yaro ya riƙe baki ɗaya a wannan bango, shi ya riƙe ɗayan a wancan. Ruwan nan biyu kullum tsayinsu ɗaya ne, da su ake gane bangon da ya fi wani tsawo. Kuskuren magini a kan kafinta yake faɗawa, don rufi ba ya zama a kan bango mai gurgunta.

Amma babban abin da ke hana shi barci iska ce.

Kowa ya tuna 2021. A watan Afrilu wuta ta kama azuzuwan zana a Yamai, a watan Nuwamba ta kama a Maraɗi. Kowane wuri aƙalla yara 20 suka rasu. Allah ya jiƙan su. Ba abin mamaki ba ne iyaye su matsa a yi aji na siminti da kwano. To amma kwano ma yana da nasa haɗari. Ƙarshen bazara, wajen watan Mayu da Yuni, hadari yakan taso daga gabas da iska mai ƙarfi a gabansa. Iskar nan ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi. In bai ɗauru ba sai ta kwashe shi baki ɗaya. Kwanon da ke tafiya cikin iska wuƙa ne ga mutum da dabba.

Manomi ya san tsaiko, ya san tanka, ya san jinkar da ba a ɗaure ba ta iska ce. Haka rufin kwano. Tun magini na zuba siminti a kan bango, maigida ke tsayawa a binne siraran ƙarafuna a ciki, a bar kawunansu waje. Da su ake naɗe manyan katakan da ke ɗauke da rufi. Shi da kansa yake hawa ya girgiza kowane ɗaya. Wajen jera kwano, daga yamma yake sa a fara a nufi gabas, kowane kwano ya hau bayan ɗan uwansa, don bakinsa ya ba iska baya. Ƙusa kuma a tudun kwano ake buga ta. Wanda ya buga a kwari, inda ruwa ke bi, ya yi wa aji rariya.

A nan ne rigima take. Ɗan kwangila yana so a gama da wuri, a rage ƙusa, a buɗa tsakanin katakai don a sami rara. Mai gari yana so a rufe kafin ruwan farko. Shi kuwa maigida abin da aka rage ba wanda zai gani, sai ranar iska. Wani shugaban yakan yi shiru ya karɓi kuɗinsa. Na kirki yakan ce: "Alhaji, ka yi haƙuri. Ƴaƴan mutane za su zauna ƙarƙashin abin nan. In ba a ƙaro ƙusa ba, ni ba zan rufe ba." Maganar nan ta kan sa ya rasa kwangila ta gaba, kuma yana da iyali. Da kwamitin iyayen yara zai riƙa zuwa kallon ɗaurin tun ba a rufe shi ba, da ba a bar shi shi kaɗai da ɗan kwangila ba.

Yaransa ma amana ne. Da asuba yake fara aiki, don in rana ta take kwano ba ya taɓuwa. In ya ga gabas ta yi ja sai ya ce: "Samari, ku sauko." Aparanti sabo ba ya hawa sama sai ya daɗe yana riƙe tsani. A littafin nan yake rubuta kwanakin kowa, ranar biya ba gardama.

Ranar da aka gama, da tsakar rana yakan shiga ajin shi kaɗai, ya rufe ƙofa da tagogi, ya ɗaga kai. In ya ga ɗigon haske ko guda, sai ya kira yaro ya koma sama ya toshe.