Ɓargon Yaya A Cikin Faranti

Shekara 12 ke nan shi da wansa suna lambu a bakin wani tsohon ramin kuza da ke wajen Bukuru, suna kai kabeji da karas kasuwar Farin Gada. Da kakar bara sai wan ya fara kasawa. Zazzaɓi ya ƙi jin magani, dasashi na tsattsafar jini, tafin hannu ya yi fari fat. An sha saiwoyin shawara har sati uku kafin a kai shi asibiti a cikin Jos, inda aka huda ƙashin ƙugunsa aka zuƙo ɓargo.

Likita ya ce sankarar jini ce, irin mai gaggawa da ke kama manya. Watau ƙwayoyin jinin da ba su nuna ba sun mamaye ɓargon, sun hana masu kyau fitowa. In suka kai kashi 20 cikin 100, to an tabbata ita ce.

Ƙanen ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Likita, ashe ɓargon nan wurin renon iri ne?"

"Malam, ai ba ka yi nisa ba. Har shuka shi an yi."

Haka kuwa abin yake. A shekarar 1966 waɗansu masana biyu a birnin Melbon na Ostareliya, Bradley da Metcalf, suka zuba ƙwayoyin ɓargon ɓera cikin ƙaramin faranti, a kan wani abu mai kaurin kamu da ake samu daga ciyawar teku. Suka ajiye cikin ɗumi daidai na jiki. Bayan kwana bakwai ƙwaya guda ta hayayyafa ta zama gungu. Da aka juya kan ɓargon mutane sai aka ga na mai lafiya yana fitar da manyan gungu masu ƙwayoyi nunannu, alhali na mai wannan cuta yawanci tsumburarrun curi yake yi, ko ya ƙi tsirowa sam. A 1974 Moore da abokan aikinsa suka ba da rahoton majinyata 127, suka nuna yadda ɓargo ya tsiro a faranti yana iya nuna wanda magani zai fi karɓa. Daga irin wannan shuka aka gano sinadarin da ke sa ɓargo ya yi fararen ƙwayoyi, wanda hukuma ta amince a riƙa ba marasa lafiya allurarsa a Amurka a 1991. Yanzu likitoci sun fi dogara da binciken ƙwayoyin halitta wajen wannan hasashe.

Duk wannan bai yi wa ɗan lambun wuyar ganewa ba, don kuwa shi ma yakan jiƙa iri a tsumma ya ga nawa zai tsaga kafin ya yafa a fangali. Abin da ya fi ƙarfinsa lissafin da ya biyo baya ne: magani biyu ta jijiya, ɗaya kwana 7, ɗaya kwana 3, sa'an nan makonni na ƙarin jini, kowace leda da kuɗinta da mai bayarwa. Masana sun yi nasu. Saura aljihun talaka, wanda ba wanda ya auna shi a faranti.

Ranar Laraba ya sayar da injin ban ruwansu, ya kawo samari huɗu daga unguwa a gwada jininsu. Da ya shiga ɗakin da dare ya tarar da wan ya farka.

"An ba yayyafin kabejin nan ruwa?"

"An ba shi, Yaya," in ji shi. Da garwa ya ɗebo tun da asuba.