Abossey Okai: Ranar da na je neman keriya don kayan amarya

Saura kwana tara a kai 'yar farina ɗakin mijinta a Tamale, sai na dawo daga kasuwa na tarar falonmu na Maamobi babu wurin sa ƙafa. Katifa a jingine da bango, keken ɗinki, kuloli, tukwane, buhun shinkafa biyu, jarkar mai irin mai ruwan ɗorawan nan da mutanen Gana ke kira galan ɗin Kufuor, ga jakunkunan Gana-mas-go har shida cike da zannuwan gado da atamfofi.

Na ce, "Hajiya, duk wannan wace mota za ta ɗauka?"

Ta ce, "Taka mana, Alhaji. Ba ga sama nan ba kowa? Ni dai kayan yarinyar nan ba za su bi motar haya ba, a je a fasa mini kuloli."

Ban yi mata musu ba, amma gabana ya faɗi, don ni na san abin da saman mota ya taɓa yi mini. Shekarun baya ina da wata tsohuwar mota, na sa wani mai walda a bakin titi ya haɗa mini keriya da araha. Tsakanin Techiman da Kintampo awaki suka faɗo titi, na taka birki da ƙarfi, keriyar ta kwance da kayanta gaba ɗaya ta sauko kan bonet, gilashin gaba ya tsage. Allah ya tsare, ni kaɗai ne a motar, kuma babu wata mota a kusa. Wannan karon kuwa mutum bakwai zan ɗauka, har da amarya da kakarta. Shi ya sa ranar Juma'a da sassafe na sha kokona da ƙosai na kama hanyar Abossey Okai.

Daga Nima ba nisa, in ba gosulo. Ka bi Ring Road ka wuce Circle, ka miƙe har gadar sama ta Obetsebi Lamptey, to ka iso. Kaneshie na gaba kaɗan, Sabon Zango na maƙwabtaka da ita, hanyar Korle Bu ta yi kudu. Wanda bai taɓa zuwa ba zai ɗauka kasuwa ce mai ƙofa da katanga. A'a. Unguwa ce sukutum ta zama kasuwa. Gidajen kwana sun koma shaguna, kowane lungu da abin da ya fi yawa a cikinsa: nan injuna a jere a ƙasa suna ɗigar baƙin mai, can ƙofofi da bamba an rataye su har saman bene, gaba kuma fitilu da madubai. Duk faɗin Gana, in aka cire Suame Magazine ta Kumasi, babu inda ake maganar kayan mota kamar nan. Yawancin kayan ta tashar jirgin ruwa ta Tema suke shigowa, sababbi daga Sin da Dubai, na hannu daga Turai da Amurka da Koriya da Japan. Farashinsu kuwa dala yake bi. In sidi ta faɗi da safe, kafin la'asar ka ji a bakin mai shago.

Tun ban kashe mota ba samari uku suka kewaye ni. Ɗayansu da ya ga hulata sai ya juya harshe zuwa Hausar zango: "Alaji, mota naka mene ya same shi? Zo in kai ka, akwai shi." Waɗannan 'yan kamasho ne, ba su da shago. Za su karɓi kuɗinka su shiga lungu su sayo, su ɗora nasu a kai, in kaya ya ƙi yi kuma ba ka san inda za ka mayar ba. Akwai na kirki a cikinsu, amma ni na fi son in ga mai shago ido da ido, a ba ni rasit. Na yi musu godiya na wuce wurin wani dattijo ɗan Sabon Zango da ƙanena ya kwatanta mini.

Na same shi a kan benci yana jan carbi. Muka gaisa, na faɗi abin da ya kawo ni. Bai nuna mini ko ƙarfe ɗaya ba, sai ya ce mu je ya ga motar. Ya zagaya ta, ya miƙa hannu ya zura yatsunsa ƙarƙashin dogon ƙarfen da ke gefen rufin, ya jijjiga shi.

Ya ce, "Alhaji, ka yi sa'a. Taka mai sauƙi ce."

A nan ya yi mini karatun da ya kamata in sani tun kafin waccan keriyar ta sauko mini. Rufin mota iri-iri ne, kuma kowane da ƙafar keriyar da ta dace da shi. Akwai mai dogayen ƙarafa biyu daga gaba zuwa baya da suka ɗaga sama har hannu na shiga ƙarƙashinsu, irin na Sienna tawa. Wannan ƙafar sanda rungumar ƙarfen take yi. Akwai wanda ƙarafansa ke manne da rufi ba rata, shi sai ƙafar da aka yi wa irin motar takamaimai. Akwai mai ramukan noti da kamfani ya ɓoye ƙarƙashin 'yan murafan roba. Akwai rufi fili, irin na yawancin Corolla, wanda ake maƙala ƙugiya a bakin ƙofa. Sai tsofaffin motoci irin Fijo 504 da wasu bas-bas masu indararon ruwa a gefe, waɗanda ake kama keriya a jikin indararon. Ya ce duk wanda ya ce maka yana da keriyar da ke hawa kowace mota, kuɗinka yake so.

Sai ya ce in ɗauko littafin motar. Allah ya taimake ni yana nan cikin aljihun gaba tun ranar da aka fito da ita daga Tema. Yaronsa ya buɗe shafin kayan rufi, ga lamba 150. Na ce alhamdu lillahi, buhu uku ke nan. Dattijo ya yi dariya har carbinsa ya faɗi.

"Motarka daga Amurka ta zo. Su da fam suke awo, ba kilo ba. Duba gefensa."

Na duba, kilo 68. Kuma wannan nauyin har da ita keriyar kanta. Yawancin ƙananan motoci iyakarsu tsakanin kilo 50 ne zuwa 100, kuma in iyakar keriya da ta rufi sun bambanta, ƙaramar ake bi. Ya kuma buɗe ƙofar direba ya nuna mini wata takarda manne a jikin ginshiƙi, wadda ta faɗi jimillar nauyin mutane da kaya da motar za ta iya ɗauka, da iskar da ta kamaci tayoyi. Shekara huɗu ina shiga ta ƙofar nan ban taɓa karanta ta ba.

Muka koma shago zaɓen sanduna, wato ƙarafa biyun da ke gilma rufi. Ya fito da iri uku. Na farko baƙin ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, mai araha, mai nauyi, yana kuka in mota ta yi gudu, kuma iskar teku ta Ankara ba ta barin ƙarfe, da fenti ya kwarzane tsatsa ta shiga. Na biyu sabo fil a kwali, yana ƙyalli, amma da ya ba ni na matsa ƙafarsa sai na ji roba ce mai taushi, babu ko lambar nauyi a jikinsa. Na uku na hannu ne, alminiyom, ƙirar Thule ta ƙasar Suwidin, fasalinsa kamar fiffiken jirgi, ya ɗan koɗe amma ba lanƙwasa. Shi ya fi tsada. Araha dai ba ta ado, kuma ni na riga na biya kuɗin araha sau ɗaya a hanyar Kintampo.

Kafin in biya ya sa na duba abu huɗu da kaina: ko akwai tsaga a ƙafafun, ko robar da ke hana ƙarfe cin ƙarfe tana nan duka, ko zaren notocin bai cinye ba, ko makullan suna da mabuɗi. Ɗaya robar ta ɓace, ya aika yaro lungun baya ya samo. Muka auna faɗin rufin da tef, gaba da baya, don rufin mota yakan tsuke ta baya, kuma sandar da ta yi tsawo ta leƙo waje ita ke fasa goshin mai fitowa daga mota. Na ƙara da kwandon ƙarfe mara nauyi da za a ɗora a kan sandunan. Muka yi ciniki irin na kasuwa, ya faɗi nasa na ce albarka ta wuce nan, na taya, ya ce in ƙara, har muka daidaita. A Ankara har yau sai ka tabbatar wace sidi ake nufi, don tun da aka canja kuɗi a 2007 aka cire sifiri huɗu, akwai dattawan da ba su daina lissafi da miliyoyin da ba.

Ana cikin haka aka kira salla. Muka bar motar a hannun yaron muka taka zuwa babban masallacin Abossey Okai. Tun bayan da aka rasa tsohon masallacin Makola, nan ne ya zama babban masallacin Juma'a na birnin, kafin a buɗe Masallacin Ƙasa na Kanda a 2021. Sahu ya fito har titi. Bahaushe, Bazabarme, Badagombe, Bayarabe, Bafulatani, wasu da rigar aiki duk baƙin mai, sun shimfiɗa kwali sun tsaya. Da muka fito dattijon ya nuna mini wajen Sabon Zango, ya ce a can aka haife shi, unguwar da Malam Bako ya kafa fiye da shekara 100 da suka wuce. Kakansa fatauci ya kawo shi, goron Gwanja yake saya a Salaga. Ya ce su mutanen da ba sa ɗaura wa jaki kaya sai sun daidaita mangala, hagu da dama, don jakin da kayansa ya karkata ba ya kai zango. Ya ce motar ma haka take: duk kilon da ka ɗora a sama yana ƙara mata layi a kwana, yana ƙara mata nisan tsayawa in ka taka birki, ga shan mai.

Ɗaurin bai kai awa ɗaya ba. Yaron ya wanke ƙarafan rufin don yashi kada ya shiga ƙarƙashin roba. Ya ɗora sandar gaba, gefenta mai kauri yana fuskantar gaba, ya auna daga gilashi hagu da dama har suka zo daidai. Ta baya ya ba ta rata fiye da santimita 70. Bai ɗaure ƙafa ɗaya tamau ya koma ɗaya ba, kaɗan nan kaɗan can yake yi, don sanda kada ta ja gefe guda. Ya yi amfani da ɗan mabuɗin da ke ƙara in ɗauri ya kai, dattijo na faɗa masa kada ya ƙara ko rabin juyi, don ɗaurin ganganci ke fasa ƙafa. Aka ɗora kwando, aka buɗe ƙofar but aka ga ba ta taɓa shi, aka ja ƙofofin gefe. Daga ƙarshe dattijon ya kama sandar da hannu biyu ya girgiza, motar duka ta motsa, sandar ba ta motsa ba. Na sayi bel huɗu masu ƙarfen ɗaurewa da tamfol. Ya hana ni robar tayar da muka saba ɗaure kaya da ita, ya ce rana na cinye ta, kuma tana miƙewa daidai lokacin da kake buƙatar ta riƙe.

Aikin gaske a gida yake. Na aro sikeli wurin maƙwabcina mai sayar da hatsi na ajiye a tsakiyar falo. Sanduna da kwando sun ci kilo 18, saura 50.

Hajiya ta ce, "Wai yanzu duk kuɗin nan da ka kashe, buhu ɗaya kawai za ta ɗauka?"

Na ce, "Ko buhun ma ba zai hau ba. Sama na kaya masu girma ne marasa nauyi."

Ranar nan mun jima ba mu daidaita ba. Abin da ya raba gardamar, na ba ta labarin Kintampo, wanda shekara da shekaru na ɓoye mata, na ce mata dutse ne ya fasa gilashin. Ta yi shiru, sannan ta ce to ai sai a auna. Filo, zannuwan gado, robobi da jakunkuna huɗu suka hau sama, kilo 47. Kulolinta da keken ɗinki suka shiga ciki, a ƙasa, bayan kujera. Shinkafa, mai, tukwane da katifa muka kai tasha aka sa a motar kaya, ƙanena ya bi su. Katifa ba nauyi gare ta ba, amma iska na shiga ƙarƙashinta ta ɗaga ta, ta ja keriyar sama.

Mun tashi bayan asuba. Dattijon ya ce in tsaya bayan kamar kilomita 50 in sake duba komai, don sabon ɗauri yakan zauna. Na tsaya bayan Nsawam, Hajiya na sayen burodi, na hau taya na taɓa. Bel biyu sun saki, ƙafar baya ta hagu ta karɓi ɗan juyi. Na sake dubawa a Nkawkaw, da Kumasi, da Kintampo, ban wuce gudun 80 ba duk tafiyar. Mun haye gadar Buipe da ta Yapei da sauran haske, muka shiga Tamale bayan isha, fiye da kilomita 600 daga gida, ba abin da ya faɗi, ba abin da ya fashe.

Da muka dawo na kwance kwandon na jingine shi a bayan ɗaki, don ko babu kaya yana shan mai yana kuka. Sandunan ma na cire, na shafa wa notocin man giris, na ɗaure su wuri ɗaya da mabuɗinsu. Ƙanwar amarya tana aji uku a sakandare, kuma Hajiya ta riga ta fara tara kuloli.