Inda Ɗan Kallo Zai Tsaya

Kawuna tela ne a Fagge, kuma a iya sanina bai taɓa hawa doki ba, amma ban ga wanda ya kai shi sanin inda ake tsayawa a ranar Hawan Nassarawa ba. A wannan rana Sarki yakan fita daga birni ya ziyarci gidan Nassarawa inda aka binne wasu daga cikin magabatansa, ya shiga Gidan Gwamnati, sannan ya biyo ta Sabon Gari da Fagge a kan hanyarsa ta komawa fada. Mu 'yan waje wannan ne hawanmu. Mutanen birni suna da Hawan Daushe da jahin Ƙofar Kudu, mu kuwa ranar Nassarawa ce ake kawo mana sarauta har ƙofar gida.

Tun da hantsi Kawu zai rufe shago, ya kama hannuna, mu ratsa ta lunguna. Sau da yawa mukan wuce wuraren da na ga babu kowa a gaba, in ce, "Kawu, ga fili nan." Sai ya ce, "Kai yaro, ba ka tambayi abin da ya sa babu kowa ba?" Wani wurin rana ce za ta dake shi kafin azahar. Wani kuma bango ne a bayansa, idan doki ya yi tutsu babu inda mutum zai ja da baya. Abin da yake nema shi ne kwana, inda titi ya karya, domin a nan ayari yake rage tafiya, a ga hakimi da zagaginsa sosai, a ga 'yan lifidi da 'yan sulke, har lemar marigayi Sarki Ado Bayero ta juyo a hankali mutum ya ƙare mata kallo. Yana son rana ta kasance a bayanmu, ƙafarmu a kan dakali ko matattakalar shago, kuma lallai akwai bakin lungu kusa da mu. Masu hali sukan hau benayen 'yan kasuwa, su kalli komai daga sama. Idan na nuna masa su, sai ya yi dariya ya ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri, amma tela ba shi da abin da ya wuce sammako.

Na girma da wannan ilimi a kaina, ina ganin ya ishe ni kowane irin kallo. Ranar da na gane bai isa ba, wata Ƙaramar Salla ce, ina saurayi, lokacin da acaɓa ta cika Kano. Bayan dawaki sun wuce, titi yakan zama fayau na ɗan lokaci kafin motoci su dawo, jama'a kuma ba su watse ba. A wannan tsakanin ne samari suke fitowa da babura. Wasu su ɗaga ƙafar gaba, wasu su miƙe tsaye a kan sirdi, wasu kuma su jeru uku ko huɗu su murɗa totur daga wannan mahaɗa zuwa waccan. Babu wanda ya shirya, babu wanda ya ba da izini, babu hular kwano a kan ko ɗaya.

An haɗa ni da ɗan maƙwabcinmu, yaro ɗan shekara tara, aka ce in kula da shi. Na yi abin da na koya: na nemi kwana. Na same ta, rana a bayanmu, har da gefen kwalbati da muka ɗare. Abin da ban lura da shi ba shi ne muna tsaye a bayan kwanar, ɓangaren da titi yake turo duk abin da ya taho. Babura uku suka shigo tare. Na tsakiya ya taka yashin da iska ta tara a gefen kwalta, tayarsa ta zame, ya faɗi. Shi ya gangara can, babur ɗin kuwa ya taho kwance yana tartsatsi, kai tsaye inda muke. Ban motsa ba. Ba jarumta ba ce, lokacin motsin ne babu. Ya wuce ni da taku ɗaya ya daki yaron a ƙauri. An yi masa ɗori, ya warke, amma har yau da ya zama magidanci idan ya yi sauri ana ganin ɗingishin. Mahaifiyarsa ta ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Na gode mata, amma ni na san wanda ya zaɓi wurin.

Da daddare na gaya wa Kawu yadda aka yi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Doki yana da ido. Ƙarfe fa?"

Sai daga baya na fahimci lissafin da ke cikin maganarsa. Babur ba ya juyawa a kwana sai da riƙon da tayoyinsa suka yi wa kwalta. Idan yashi ko mai ko ruwa ya raba su da wannan riƙo, juyawa ta ƙare, babur zai miƙe ne ta inda ya dosa a daidai lokacin, wato ya fita ta bayan kwanar, musamman wajen mafitarta. Wanda ya tsaya a nan ya tsaya a bakin bindiga. Ga kuma batun lokaci. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya, mai gudun kilomita 100 kuwa kusan mita 28. Mutum yana bukatar wajen daƙiƙa guda kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, ƙafa ta ɗaga. Idan kuma gudu ya ninka biyu, nisan da birki yake bukata ninki huɗu yake yi. Ayarin sarki tafiyar ƙasaita yake yi, dogarai suna gaba suna buɗe hanya, doki kuma yakan kauce wa mutum ko da mahayinsa ya shagala. Dabarar Kawu an gina ta a kan wannan, ni kuma na ɗauke ta na kai ta inda ba ta da aiki.

Akwai inda aka mayar da wannan tambaya ta wurin tsayawa ilimi mai zaman kansa. Tsibirin Man, wanda yake cikin teku tsakanin Ingila da Ayilan, yana gudanar da tseren babura da ake kira TT tun 1907, a kan titunan da jama'a suke bi kullum. Zagayen da ake amfani da shi tun 1911 ya ɗan haura kilomita 60, ya ratsa garuruwa da ƙauyuka da kan dutse, da kwanoni fiye da 200. A 2023 Peter Hickman ya kammala zagaye ɗaya cikin minti 16 da daƙiƙa 36, wato matsakaicin gudun da ya kusa kilomita 220 a awa, a tsakanin gidaje da katangun dutse. Ana sakin mahaya ɗaya bayan ɗaya ne, da tazarar daƙiƙa goma.

Yawancin wuraren kallo a can kyauta ne, kuma masu zuwa duk shekara suna zaɓe ne gwargwadon abin da suke son gani. Mai son ganin tsananin gudu yakan nufi gangaren Bray Hill, inda babur yake wucewa kafin ido ya gama kama shi. Mai son ganin tayoyi sun bar ƙasa yakan je gadar Ballaugh. Mai son ganin fuskar aikin, yadda mahayi yake taka birki ya kwantar da babur ya sake miƙewa, yakan nemi kwana mai tsanani irin ta Ramsey ko Gooseneck, inda dole a rage gudu. A nan dai maganar Kawu ta fito: inda aka rage tafiya, nan ake ganin gwaninta. Suna kuma lissafa mafita, domin da zarar an rufe titi babu mai tsallakawa, wanda ya shiga wani wurin yana iya kwashe sa'o'i bai samu hanyar fita ba.

Bambancinsu da mu shi ne ba a bar wa ɗan kallo shawarar shi kaɗai ba. Ana rufe titunan ne da doka, hawa kansu a lokacin laifi ne. Ɗaruruwan 'yan sa kai suna jere a zagayen da tutoci da rediyo. Wuraren da aka san babur zai iya faɗawa an kafa musu alamar haramci, komai kyawun kallon da ke wurin. Duk da haka tseren bai zama abin wasa ba. Mahaya fiye da 250 sun rasa rayukansu a wannan zagaye tun 1911, kuma a 2007, shekarar da tseren ya cika ɗari, hatsari ɗaya ya kashe mahayi da 'yan kallo biyu. Idan haka ta faru inda aka auna kowace kwana, me za a ce da titin da babu wanda ya share yashinsa?

Gwamnatin Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, A Daidaita Sahu ta maye gurbinta. Amma sha'awar gudu ba ta bi acaɓa ta tafi ba. Har yanzu ana ganinta a rakiyar ango da ranakun Salla, a babur da mota da doki, 'yan sanda suna gargaɗi, samari suna sauya unguwa. Ina ganin gara a ce akwai fili da aka keɓe, da shinge da hular kwano da motar asibiti a gefe, da a ci gaba da yi a ɓoye a tsakiyar jama'a. Garin da ya iya tsara hawan dubban dawaki, har UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya a Disambar 2024, bai rasa sanin yadda ake raba mai gudu da mai kallo ba.

Kafin a kai ga haka, abin da ya rage shi ne abin da babba zai gaya wa yaro. Ni abin da nake gaya wa 'ya'yana shi ne, idan sun ji ƙarar babura ana tsere, su koma gida. Na san ba kullum za su ji ba, domin ni ma ban ji ba. Saboda haka nakan ƙara musu da sauran: kada su tsaya a bayan kwana ko mafitarta, su tsaya ta cikinta kuma kafin a shige ta, su hau wuri mai tudu, da wani abu mai ƙarfi tsakaninsu da titi, kada su zama sahun gaba, kada su juya wa titi baya don ɗaukar hoto, su san lungun da za su bi tun kafin su tsaya.

Kwanakin baya na bi ta wannan kwana da babban ɗana, muna dawowa daga Kantin Kwari. An sake kwalbatin, shagunan ma sun sauya hannu, amma yashin yana nan a gefen kwalta. Na tsayar da shi na ce ya nuna mini inda zai tsaya da a ce babura za su taho daga can. Ya duba, ya nuna daidai inda na tsaya a waccan Sallar, ya ce, "Baba, ai nan ne aka fi gani." Na kama hannunsa muka tsallaka ɗaya ɓangaren, na fara yi masa bayani tun daga farko.